Na yi dariya a zaman makokin mahaifina, abin ya hana ni sakat

Wasiƙar wannan makon daga Zariya ta zo, daga wata matar aure mai 'ya'ya biyu da ta roƙi a sakaya sunanta. Na ɗan taƙaita ta.

"Assalamu alaikum Anti. Mahaifina ya rasu wata biyu da suka wuce bayan gajeriyar jinya. Tela ne, kuma mutum ne mai barkwanci, ba a zama da shi ba a dara ba. Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa Innata yake kirana. Rana ta biyu da rasuwar, ƙanena ya shigo da wani dattijo cikin gida ya yi wa Mama gaisuwa. Dattijon ya ɗauki addu'a ya ƙi direwa. Sai ƙanen nawa ya sunkuyo ya raɗa min, 'Da Baba na nan da tuni ya ce, Malam a shafa haka nan, tuwo zai huce.' Wallahi ban san lokacin da dariya ta kuɓuce min ba. Na tura fuskata cikin mayafi amma kafaɗuna suka tona ni. Gwaggonmu, yayar Baba, ta ce a gaban mutane, 'Ubanki ko kwana biyu bai yi a ƙasa ba kike ƙyaƙyata dariya?' Har yau da ƙyar take amsa gaisuwata. Mu 'ya'yansa muna da zaure a WhatsApp inda muke tuna maganganunsa muna dariya. Amma ni tun ranar da aka fita da shi ban sake kuka ba. Duk wanda ya ce min ya haƙuri, sai in ba shi labarin Baba mai ban dariya. Da dare kuma barci ya ƙi zuwa. Anti, zuciyata ce ta ƙeƙashe? Ko amanarsa na ci?"

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ku kuma ya ba ku haƙurin rashinsa.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe tunda ita ce ke cin ki. Ba ki ci amanar kowa ba. Mai ƙeƙasasshiyar zuciya ba ta kwana ido biyu tana tuhumar kanta, ba ta kuma zama ta rubuto wasiƙa irin wannan. Ki duba ma abin da ya ba ki dariyar. Ba dattijon kika raina ba, ba addu'ar kika yi wa izgili ba. Muryar mahaifinki ce ta faɗo miki a kunne a lokacin da kika fi bukatar jinta, da irin lafazinsa, da irin yadda yake karkata hula in zai faɗi magana. Kwana biyu kina jin ana cewa marigayi, marigayi, sai ga ƙanenki ya dawo miki da shi yadda kika san shi. Wanda bai san Baba ba, ko an raɗa masa wannan magana ba zai dara ba. Ke da kika sha zama kusa da kekensa yana ɗinki yana zuba, ke ce za ta kama.

Tunda na ga har imaninki kike tuhuma, ki buɗe Suratun Najm ki karanta aya ta 43 da ta 44. Allah ya ce shi ne yake sa dariya, shi ne yake sa kuka. Aya ta gaba nan take ta ce shi ne yake kashewa, shi ne yake rayawa. Ayoyin biyu suna jere, babu komai a tsakaninsu. Akwai kuma labarin da nake so ki riƙe, yana cikin Bukhari da Muslim. A ciwon ajalin Manzon Allah (SAW), Nana Faɗima ta shigo wurinsa, ya yi mata maraba ya zaunar da ita kusa da shi. Ya raɗa mata wata magana, ta fashe da kuka. Ya sake raɗa mata wata, ta yi dariya. Nana A'isha da ke wurin ta ce ba ta taɓa ganin farin ciki ya kusanci baƙin ciki kamar na wannan rana ba. Sai bayan wafatinsa Faɗima ta faɗi abin da aka raɗa mata: ta farko labarin kusantowar ajalinsa ne, ta biyu kuma bushara ce, a wata ruwaya cewa ita ce farkon wadda za ta riske shi cikin iyalansa, a wata kuma cewa ita ce shugabar matan muminai. Dalilin dariyarta ya fi naki girma nesa ba kusa ba, wannan ba a musu. Amma ga 'ya a gefen shimfiɗar mahaifinta mai jinyar ƙarshe, hawaye bai bushe a fuskarta ba ta yi dariya, kuma ba wanda ya ce son da take masa ya ragu.

Abin da aka hana a wajen mutuwa sananne ne: kururuwa, marin fuska, yaga tufafi, da furta kalaman da ke nuna an ƙi hukuncin Allah. Kuka kansa ba a hana ba. Manzon Allah ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, ya ce masa wannan rahama ce. Haka nan ba a ɗora wa 'ya cewa ta ɗaure fuska wata da watanni don a san ubanta ya rasu ba. Lokacin da Abu Sufyan ya rasu, bayan kwana uku 'yarsa Ummu Habiba, matar Annabi, ta sa aka kawo mata turare ta shafa. Ta ce ba bukatar turaren take ba, sai don ta ji Annabi yana cewa bai halatta ga macen da ta yi imani da Allah da ranar lahira ta yi zaman makoki fiye da kwana uku ba, sai dai a kan miji, wata huɗu da kwana goma. Mahaifinta ne fa. Da gangan ta nuna cewa rayuwa ta ci gaba, tana neman lada da hakan.

Mu ma a al'adarmu dariya ba baƙuwa ba ce a gidan mutuwa. A garuruwa da yawa na ƙasar Hausa, in tsoho ya cika da shekaru ya rasu, jikoki kan zo su yi wasansu, wani ya sa rigarsa ya ɗauki sandarsa yana kwaikwayon tafiyarsa da faɗansa, sai an ba su 'yan kuɗi su bari. Malamai da dama ba sa son abin, kuma yana ta ja baya, ni ma ba cewa nake a farfaɗo da shi ba. Na kawo shi ne don ki san kakanninmu sun lura da wani abu: gidan da aka yi kwana da kwanaki ana kuka yana bukatar wanda zai sa a ɗan numfasa. Sai dai su jikoki aka ba wannan dama, saboda wasan da ke tsakaninsu da kaka. 'Ya'ya kuwa kunya da nutsuwa aka san su da ita. A nan ne idon Gwaggo ya tsaya, zan dawo kanta.

Masana halayyar ɗan Adam ma sun bi diddigin wannan abu. A 1997 wasu masu bincike biyu a Amurka, George Bonanno da Dacher Keltner, sun wallafa sakamakon hirar da aka yi da mutanen da suka rasa miji ko mata kimanin wata 6 kafin nan. An ɗauke su a bidiyo suna ba da labarin mamacin, aka zauna ana nazarin fuskokinsu. Waɗanda suka yi dariya ta gaske, irin wadda ke kaiwa har ido ya ƙanƙance, su ne aka samu da ƙarancin fushi, kuma da aka waiwaye su a wata na 14 da na 25 raɗaɗin ya fi yi musu sauƙi. Mutanen ba su kai 50 ba, kuma ba iyaye suka rasa ba, don haka ba zan ce miki dariya magani ce da likita zai rubuta ba. Amma ya isa ya rushe zaton da ake yi cewa duk mai dariya a cikin rashi gudun gaskiya yake. Bayan shekara biyu, a 1999, wasu masana biyu na jami'ar Utrecht a ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, suka bayyana cewa mai jimami ba ya zama a wuri ɗaya. Kai-komo yake yi: wani lokaci yana fuskantar rashin, yana kuka yana tunani, wani lokaci kuma ya juya ga harkar rayuwa, girki, yara, kasuwa, raha. Wannan kai-komon shi ne lafiyar. Kamar mace ce da ta ɗauko tulu daga rafi mai nisa, in ba ta sauke ta huta a hanya ba wuya zai sage, in kuma ta sauke ta ƙi sake ɗauka ruwa ba zai isa gida ba.

To a nan ne nake da magana da ke, kuma ina so ki saurare ni da kyau. Dariyar ranar makoki ba ta dame ni ba ko kaɗan. Layi biyu na ƙarshen wasiƙarki ne suka tsaya min a rai: ba ki sake kuka ba, duk mai cewa ya haƙuri labarin ban dariya kike ba shi, kuma ba kya barci.

Rashin kuka shi kaɗai ba ciwo ba ne. Akwai mutanen da haka Allah ya yi su, hawayensu na da nisa, kuma suna warkewa lafiya lau. Kada ki zauna kina matse ido don ki gamsar da kowa. Tambayar da za ki yi wa kanki ita ce: in labarin Baba ya zo bakina, kusantar da ni yake gare shi ko kuwa katanga nake ginawa da shi? In kun tuna yadda yake musu da mai karanta labarai a rediyo kamar yana jin sa, kuka yi dariya, dariyar ta lafa, sai ki ji ƙirjinki ya yi nauyi kina kewarsa, wannan dariyar ta kai ki inda ya kamata. Amma in ƙawarki ta riƙe hannunki ta ce, "Ke dai faɗa min gaskiya, ya kike?" sai kika yi wuf kika jefo labarin rediyo don kada ta ga idonki, wannan kam kin rufe ƙofa ne. Kuma abin da aka hana shi fitowa da rana, da dare yake zuwa ya zauna a bakin gado. Ina zaton shi ne ke hana ki barci.

Akwai wani abu kuma da nake hange. Gidan da uba ne mai sa kowa dariya, in ya tafi sai a rasa mai cike gurbin, sai ɗaya daga cikin 'ya'yan ya ɗauka ba tare da an ce ya ɗauka ba. Ke ce Innarsa, ke ce kika fi kowa sanin maganganunsa, da alama ke kika ɗauka. Aiki ne mai kyau, amma mai sa mutane dariya ba a cika tambayarsa lafiyarsa ba, kowa gani yake ya fi kowa ƙarfi. Ki zaɓi mutum ɗaya, maigidanki ko wata 'yar'uwa ko aminiya, ki ce mata, "Yau ba labari zan ba ki ba, kewar Baba nake." Ko ba ki ƙara komai a kai ba ya isa. In kuma baki ya ƙi, ga sujada. Ki tashi cikin daren da dama ba barcin kike ba, ki yi alwala, ki yi masa addu'a da Hausarki, ki kira shi da sunan da kike kiransa. Mutane da yawa a nan kukansu ya same su.

Lokacin da mahaifiyata ta rasu, da muka zo buɗe adakarta ni da yayata, sai muka tarar da sabulai da turaruka da atamfofin da muka yi shekaru muna kawo mata, ko ledarsu ba ta cire ba, ga ƙullin sukari a ƙasa cikin tsumma. Ita da kullum take cewa ba mu kawo mata komai. Yayata ta ɗaga sabulu ɗaya ta kwaikwayi muryarta, muka yi dariya har muka zube a kan tabarma, daga nan ba wadda ta san inda dariyar ta ƙare kukan ya fara. Ɗaki ɗaya, zama ɗaya. Abin da nake miki fata ke nan, ki bar wa kowanne ƙofarsa a buɗe.

Yanzu Gwaggo. Na san maganarta ta yi miki ciwo, kuma faɗa a gaban mutane ba daɗi. Amma ki tsaya a inda take tsaye. Ke uba kika rasa, ita ƙane ta rasa, wataƙila wanda ta goya, wanda take zaton shi zai sa ta a rami. Ba ta ji abin da aka raɗa miki ba, kafaɗu kawai ta gani suna rawa ana tsakiyar addu'a. Kuma tana da gaskiya ta wani ɓangare: zaman makoki wuri ne na jama'a, akwai zukata iri-iri a kan tabarmar nan, kuma addu'a tana da alfarmarta. Ke ba da niyya kika yi ba, Allah kuma ba ya kallafa wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, amma wannan tsakaninki da Ubangijinki ne. Tsakaninki da Gwaggo kuwa, ke ce ƙarama, ke za ki je. Kada ki aika saƙo, kada ki kira waya. Ki dafa abin da take so ki ɗauki yaranki ki tafi, ki durƙusa ki ce, "Gwaggo ki yafe min abin da ya faru ran nan, maganar Baba ce aka tuna min ta kuɓuce min." Kada ki ɗauki ayoyi da hadisan da na kawo miki ki je ki karanta mata, ke na ba wa su don zuciyarki ta kwanta, ba makamin gardama ba ne. In ta huce, ko a zuwan farko ko na uku, ki tambaye ta yadda Baba yake yana yaro. Tana da labaransa na shekarun da ba a haife ku ba, ba kuma wanda ya rage da zai ba ku su in ba ita ba. Ba zan yi mamaki ba in ita ce ta fara darawa.

Wadda ba ki ce komai a kanta ba ita ce Mama, kuma ita ce ta fi damuna bayan ke. Har yanzu tana cikin takaba, saura mata fiye da wata biyu. Kin san yadda abin yake: kwanakin farko gida cike, bayan sadakar bakwai a fara raguwa, bayan arba'in sai ka ji tsit, kowa ya koma harkarsa, ita ce ke kwana a ɗakin ita kaɗai. In kuna dariya a waya ko a tsakar gida sai ta shigo kuka yi shiru, za ta ji kamar an ware ta daga mijinta. In kuma kuka yi ta ƙyaƙyatawa ba ku duba fuskarta ba, za ta ji kamar ita kaɗai aka yi wa mutuwa. Ki gwada ta a hankali. Ki kawo ƙaramin labari ɗaya kuna tsince shinkafa, ki ga yadda za ta karɓa. In ta ɗora nata a kai, ku ci gaba. In ta kawar da kai, ki bari sai wani jiƙon. Ta fi ku sanin mutumin nan, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Zauren naku na WhatsApp ku riƙe shi, abu ne mai kyau. Ku dai sa masa iyaka. Kada a ƙara gishiri don labari ya yi armashi, domin akwai gargaɗi mai tsanani a hadisi kan mai ƙarya don ya ba mutane dariya, balle a jingina wa wanda ba ya nan ya ce ban faɗa ba. Kada a taɓo abin da da yana raye zai ji kunyarsa, bashi ne, saɓani ne da wani, ko wani rauni nasa na lokacin jinya. Ma'aunin mai sauƙi ne: in da yana zaune a wurin, zai taya ku dariyar? Mutuwa kanta da kabari da hisabi ba abin wasa ba ne, a bar su a inda suke. Sannan abin da aka faɗa a zauren ya tsaya a zauren. Saƙon murya in ya fita ba ya dawowa, kuma abin da ya ba 'ya'ya dariya saboda sun san ubansu, in ya faɗa Facebook ko TikTok hannun waɗanda ba su san shi ba sai ya koma abin dariya da shi. Da za ku sa wani cikinku ya riƙa tattara maganganun nan a littafi, da 'ya'yanki sun tashi sun san kakansu. Ku kuma nemi abokansa na majalisa da na kasuwa, ƙanenki ya riƙa leƙa su yana gaishe su. Hadisi ne a Muslim cewa yana daga mafi girman biyayya mutum ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa bayan ya tafi. In akwai ɗinkin mutane da ya bari a shago ko kuɗin wani a hannunsa, a sauke masa wannan tun yanzu.

Game da barci, wata biyu ba su yi yawa ba, yawancin masu rashi suna fama da shi a farko. Ki rage shayi da kallon waya da dare, ki ɗan taka da rana, kuma kada ki sayi maganin barci a kemis da kanki, wasunsu suna kama mutum. Amma in watanni suka ja abin bai sassauta ba, kin kasa kula da yaranki, abinci ya fita ranki, ko kina jin gara ki bi shi, kada ki jira kowa ya ba ki izini, ki ga likita. Wannan na ƙarshen ma ko yau kika ji shi, yau za ki faɗa wa wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jimamin da ya ƙi sauka, wanda ya haura aƙalla wata 6 yana hana mutum gudanar da rayuwarsa, cikin jerin larurorin da ake dubawa, jerin da ya fara aiki a 2022. Kuna da asibitin koyarwa a Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna. Zuwa can ba hauka ba ne, ba kuma raunin tawakkali ba ne.

Sai ƙanenki. Ke an yi miki faɗa kin samu abin rubutowa, shi ba wanda ya ce masa komai. Shi ne ya bi gawar har maƙabarta, mai yiwuwa da hannunsa aka saka Baba, ya dawo ya zauna a ƙofar gida kwana uku yana amsa gaisuwa ana ce masa ka zama namiji, yanzu kai ne uba. Yaron da ya raɗa wannan magana a irin wannan rana, shi ma neman inda zai numfasa yake. Ki kira shi gidanki shi kaɗai, ki zuba masa abinci, ki tambaye shi ko yana barci. In ya mayar da abin wasa kada ki taya shi a wannan karon, ki jira ya gama ki sake tambaya.

Ki rubuto min bayan Mama ta fita takaba in ji yadda kuka ƙare da Gwaggo. Allah ya kai rahama kabarin Baba.